Ankon Da Na Ƙi Kai Wa Tela

Ina gaishe ku a cikin sunan Yesu, iyayena mata da 'yan'uwana na zumunta. Mama Fasto ta ce in taƙaita, na ce mata zan gwada, amma kun san bakina.

Ga baƙinmu da ba su san ni ba, sunana Ladi, ana ce mini Maman Simi. Ni ce mai buga tulu in ana waƙa a zumuntar nan. Ina sayar da dankali da kabeji da karas a bakin titi, nan Daɗin Kowa. Tun da na tashi na ga waɗansu suna kallon zanin jikina suna dariya ƙasa-ƙasa, don ankon bara ne, kowa ya daɗe da mai da nasa zanin zuwa kasuwa. Ku yi dariyarku. A kan zanin nan zan ba da shaida.

Ni ban yi ciwon da ake kai mutum asibiti ba. Ciwona ƙyashi ne, kuma wadda na yi wa ƙyashin tana zaune a benci na biyu tana kallona. Saratu ce, Maman Nanret. Na roƙe ta izini kafin in tsaya nan, ta ce in faɗa duka.

Ni da Saratu tun muna 'yan mata muke tare. Wata ɗaya muka haihu, ni na sami Simi, ita ta sami Nanret. Makaranta ɗaya muka sa su tun daga firamare har suka gama sakandare. A duk shekarun nan Simi ce ke zuwa ta ɗaya. Nanret takan zo ta uku, wani lokaci ta biyar. Ranar karɓar sakamako nakan ɗaura sabon ɗankwali in bi ta wurin da Saratu ke suyar masa, wai gaisuwa na zo, alhali so nake ta tambaye ni. Takan tambaya kuwa, ta yi murna tsakani da Allah, ta ƙara wa Simi masa biyu a leda.

Da yaran suka shiga ajin ƙarshe, Saratu ta fara yawo. Yau tana ofishin shugabar makaranta, gobe ta rufe suya da wuri ta ja Nanret zuwa shagon kwamfuta a Titin Bauchi, suna neman jami'o'in da ke ba yaro sikolashif saboda ƙoƙarinsa. Ta ce mini in zo mu je tare. Na ce mata, “Saratu, ke da ko firamare ba ki gama ba, me kike nema a cikin kwamfuta? Yaro mai kai ba ya yawon roƙo, nemansa ake yi.”

Haka na ɗauka da gaske. Na zaci sakamakon Simi zai yi magana da kansa.

Simi ta ci jarrabawarta da kyau, har ta fi Nanret maki. Karatun harhaɗa magunguna take so tun tana ƙarama. Wuri ɗaya kawai muka cike mata, jami'ar gwamnati, amma masu neman wannan fanni sun yi yawa, sunanta bai fito ba. Na je makarantun kuɗi guda biyu in tambaya. A ta farko, da matar ofis ta faɗa mini kuɗin shekara ɗaya, sai da na nemi kujera na zauna. A ta biyu ko ciki ban shiga ba, motocin da na gani a bakin ƙofa sun ishe ni amsa.

Ana cikin haka, wata Lahadi dattijo ya tashi karanta sanarwa, ya ce 'yar ikilisiyarmu Nanret ta ci jarrabawar sikolashif a wata jami'a, za ta yi karatu ba tare da iyayenta sun biya kuɗin makaranta ba. Majami'a ta ɗauki guɗa. Ni kam ban yi guɗar ba.

Abin da ke cikin raina a lokacin shi ne, ta biyar? Ubangiji, ta biyar ka ɗauka ka bar ta ɗaya tana tsintar ruɓaɓɓen dankali?

Daga ranar ban ƙara sayen masar Saratu ba. In masu ciniki suka ce, “Kin ji alherin da Allah ya yi wa ƙawarki?” sai in taɓe baki in ce, “Ai ƙasar nan sai da hanya. Wa ya san wanda ta sani?” Ban taɓa ganin Saratu da wani babban mutum ba, ni na ƙirƙiro maganar, kuma na ji daɗin yadda ta yi ta yawo. Waɗansunku daga bakina kuka ji ta. Ƙarya ce, yau na janye ta a gabanku.

Kun san al'adarmu. In iyali za su yi godiya a majami'a, sai a fitar da anko, kowace mace ta karɓi nata ta kai ɗinki a satin, ranar godiya mu taka rawa a bayansu har gaban bagadi. Saratu ta fitar da wannan atamfar. Kowace mace a majami'a ta karɓi nata, amma nawa har gida ta kawo mini, a naɗe cikin leda.

Ta ce, “Maman Simi, wannan naki ne, ba zan karɓi kuɗinki ba. Amma ki buɗe shi da hannunki, kada ki aiki kowa da shi.”

Na karɓa da yatsu biyu. A raina na ce, wato yanzu har na zama abin tausayi, ana ba ni zani kyauta. Tana fita na ɗaga akwati na cusa ledar can ƙasa, ƙarƙashin bargunan sanyi, na rufe.

Bayan kwana uku ta tare ni a bakin famfo, ta ce, “Kin buɗe?”

Na ce, “Na buɗe.”

Ta tsaya tana jira in ƙara wani abu. Ta ce, “To, Simi fa?”

Na ce, “Ki bar mini zancen Simi. Mun san abin da muke yi da 'yarmu.”

Ta sunkuyar da kai ta ɗauki bokitinta. Ba ta sake tayar mini da maganar ba.

Ranar godiya na zo da tsohon zanin zumunta. Duk wadda ta tambaye ni anko sai in ce Malam Sani, telanmu na Gangare, shi ya riƙe mini ɗinki. Bawan Allah ko ganin zanin bai yi ba. Na zauna da tuluna a cinya, ina kallon Saratu da mijinta da Nanret suna takowa daga ƙofa. In kun tuna, kiɗan ranar ya yi sauri har tsofaffinmu suka kasa bi, Kaka Rifkatu ta koma ta zauna tana haki. Kun ce zumuɗin murna ne ya ɗebe ni. Da gangan na yi, so nake rawar ta ƙare in daina ganin haƙoran Saratu.

Na hana Simi zuwa gidan su Saratu. Simi ba ta da waya, tawa take amfani da ita. Da Nanret ta tafi makaranta ta turo saƙo har sau biyu, “Mama, don Allah Simi ta duba takardar kuwa?” Na ɗauka takardar cin jarrabawarta take so a je a gani a yaba. Na goge, ban gaya wa Simi ba.

Wata uku muka yi a haka. Simi tana bina wurin sana'a kullum. Da farko takan zo da littafinta na kimiyya, ta ɗora a kan buhu tana karatu tsakanin masu ciniki. Daga baya na ga littafin ya koma abin danne leda don kada iska ta kwashe. Wata rana wata malamarsu ta tsaya sayen karas, ta ce, “Simi, ke ce nan?” Yarinyar ta ce mata, “Ni ce, Ma,” ta ci gaba da awo ba ta ɗaga kai ba.

Baban Simi ba mai yawan magana ba ne. Rannan ya ce mini, “Ladi, ki je ki tambayi Saratu yadda suka yi mana. Tambaya ce kawai.”

Na ce, “Ni? Sai dai yarinyar ta jira baɗi.”

Kun ji irin uwar da nake. Na gwammace 'yata ta rasa shekara da in buɗe baki in ce wa mai suyar masa ta koya mini.

Wata Alhamis da yamma, a ɗakin nan, Mama Fasto ta ce yau ba dogon wa'azi, za mu kasu biyu-biyu, kowace ta riƙe hannun 'yar'uwarta ta yi wa 'ya'yanta addu'a da sunayensu. Na yi sauri zan kama hannun ta kusa da ni, sai Mama Fasto ta ce, “Maman Simi, ga ƙawarki can ita kaɗai.”

Na je. Saratu ta kama hannuna, nata duk tabon mai. Ta fara. Ba ta ambaci Nanret ko sau ɗaya ba. Ta ce, “Uba, ka san kan da ka ba Simi. Kada ka bari ya lalace a bakin titi. Ka buɗe mata ƙofa ko da ba ta hannuna ba, in hannuna ne ba a so.” Hawayenta suna ɗiga a bayan hannuna.

Ta gama, tana jira in yi wa Nanret. 'Yan'uwa, ni da ke ja muku addu'a ta minti ashirin ba numfashi, na kasa furta sunan yarinyar da na goya a bayana. Na ce “Amin” kawai na zare hannuna.

Ban tsaya an rufe taro ba. Na tafi gida na shiga ɗaki na durƙusa. Ban yi addu'a mai tsari ba. Na ce, “Yesu, ba zan ɓoye maka ba, ina baƙin ciki da alherin da ka yi wa Nanret. Da za ka karɓe shi da na ji sanyi. Ga abin da ke cikina, ya yi wari, ni kaina na gaji da shi. Ka cire mini.” Na yi kuka har kaina ya yi ciwo.

Ban ji wata murya ba. Abu ɗaya dai ya tsaya mini a rai ya ƙi tafiya: ki fito da zanin nan ki kai ɗinki. Na ce, Ubangiji, godiyar ta wuce wata uku, wa zai ga ankon? Abin ya ƙi barina. Washegari na bar wa Simi kaya, na ɗauko ledar yadda take, na hau keke zuwa Gangare.

Malam Sani yana ganina ya cire tabarau. Ya ce, “Maman Simi, sannu da zuwa. Ashe ni ne na riƙe miki ɗinki? Labari ya iso ni, na yi ta duba shago ko na manta.”

Kunya ta rufe ni. Na ce, “Malam, ƙarya na yi maka. Ka yafe mini.”

Ya ce, “Ya wuce. Kawo mu gani.”

Ya zare zanin daga leda ya kaɗa shi zai auna, sai ambulan ya faɗo a kan keken ɗinki. Ya ɗauka ya miƙo mini, ya ce, “Wannan dai ba nawa ba ne.”

Na buɗe a tsaye. Takarda ce shafi biyu, rubutun Nanret. Ta jera makarantu uku da ba su rufe karɓar masu neman sikolashif ba a lokacin, kowace da abin da take bukata, da ranar rufewa, da ko tallafin ya haɗa da ɗakin kwana ko kuɗin karatu ne kawai. A gefen ta farko ta ja layi biyu ta rubuta, “Wannan suna da harhaɗa magunguna, makin Simi ya wuce abin da suke nema.” A can ƙasa kuma ga rubutun Saratu, manya-manya a karkace: “Ladi, ban so in ba ki a gaban mutane. Simi tawa ce ni ma.”

Na ɗaga kai na dubi kalandar da ke bangon shagon. Ta farko ta rufe sati shida da suka wuce. Ta biyu ta rufe sati biyu da suka wuce. Ta uku, wata ƙaramar jami'ar mishan a wata jiha, saura kwana biyar.

Na zauna a kan bencin masu jira. Malam Sani ya ce, “Lafiya?” Na ce, “Malam, na kashe 'yata da hannuna.” Ya karɓi takardar ya duba, ya ce, “Ai akwai saura ɗaya. Ki bar zanin nan, ki tashi ki tafi.”

Abin da ya fi mini wuya a duk labarin nan shi ne miƙa wa Simi takardar. Na same ta tana ɗaure kabeji. Ta karanta, ta koma sama ta sake karantawa, yatsanta ya tsaya a kan layi biyun nan.

Ta ce, “Mama, yaushe aka ba ki wannan?”

Na faɗa mata gaskiya, har da saƙonnin da na goge.

Ta ce, “Wato duk ranakun da nake zaune a nan, tana cikin akwatinki?”

Na ce, “I.”

Ba ta yi mini rashin kunya ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ninke takardar ta ce, “Zan je wurin Maman Nanret.” Na ce tare za mu je. Ta wuce gaba, ina binta a baya har wurin suya, ba ta waiwayo ba.

Na durƙusa a gaban kaskon masa, mutane suna kallo. Na ce, “Saratu, ban buɗe ba. Yau na buɗe. Kuma ni ce na ce kina da hanya.”

Ta ce, “Na san ke ce. Tashi, Ladi, za mu yi wannan maganar daga baya. Kwana nawa ya rage?”

Ta kashe wuta da sauran ƙullu a roba. Matar da na yi wa gorin firamare ita ta riƙa jan mu kamar makafi. Ta san ranar da shugabar makaranta ke zama a ofis don a karɓi wasiƙar shaida. Ta ce Baban Simi ya kama hanyar ƙauye tun da safe ya karɓo takardar shaidar asali daga ƙaramar hukuma, don ita ce ke cin lokaci. Ta kai mu wurin Baba Fasto ya rubuta tasa wasiƙar. A shagon kwamfuta wani ya matso ya ce in mun ba shi wani abu zai sa a ɗauki Simi, Saratu ta ce masa ya kama gabansa, makarantar gaskiya ba ta aiko ɗan kamasho. Ta sa Simi ta buga wa ofishin makarantar da kanta ta tambaya: in an ba ta, na shekara ɗaya ne ko har ta gama, kuma wane maki za ta riƙe don kada a janye. Ni ban san ana yin irin waɗannan tambayoyi ba. Nanret kuma ta waya ta riƙa gyara wa Simi rubutun da ake so yaro ya yi a kan kansa.

Ana saura kwana ɗaya muka tura. Bayan sati biyu aka kira Simi jarrabawa. Saratu ce ta raka ta, don Simi ta ce ita take so. Na ji zafin wannan, amma na soya musu dankali na kai su tasha.

Allah ya yi mana jinƙai, Simi ta ci. An yafe mata kuɗin karatu muddin ta riƙe makinta, mu kuma muna ji da ɗakin kwana da abinci, abin da dankali da albashin Baban Simi za su iya ɗauka.

Amma ba zan yi muku kwaskwarima ba. Makarantar nan ba su da harhaɗa magunguna. Aikin jinya Simi take karantawa. Abin da ta so tun tana ƙarama ya wuce ta yana ƙarƙashin barguna, kuma ba shaiɗan ne ya sa shi a wurin ba, ni ce. Allah ya gafarta mini, Saratu ta gafarta mini, amma wannan ban iya mayar wa yarinyar ba.

Watanninta na farko a makaranta, babanta kawai take kira da wayar da ya saya mata. In ya miƙo mini waya sai ta ce, “Ina wuni, Mama,” shi ke nan. Na ci gaba da addu'a, kuma kowace safiya na koya wa bakina ya fara da sunan Nanret kafin na Simi. Da farko kamar ina haɗiyar magani, yanzu ya zauna.

Ran Talatar da ta wuce ina wurin sana'a wayata ta yi ƙara. Simi ce, ni ta kira. Ta ce sun fara zuwa asibiti koyon aiki, wata tsohuwa ta riƙe hannunta ta sa mata albarka. Ta yi ta ba ni labari har katinta ya kusa ƙarewa. Kafin ta kashe ta ce, “Mama, kin karɓo zanin nan daga wurin tela kuwa?” Na ce yana can tun ranar, kunya ta hana ni komawa. Ta ce, “Ki je ki karɓo, ki sa.”

Shi ne wannan.

Iyayena mata, ku dogara ga Ubangiji a kan 'ya'yanku, yana ji. Amma ni na yi wata uku ina roƙonsa ya buɗe wa 'yata ƙofa, alhali ya riga ya aiko amsa har cikin ɗakina, ta hannun da na raina. In akwai wadda alherinta ke tsaya miki a wuya, kada ki jira ya kai inda nawa ya kai. Ki faɗa wa Yesu yadda abin yake, ba zai firgita ba, sa'an nan ki je ki gaishe ta. Mai yaro a ajin ƙarshe kuma ta nemi Saratu bayan taro, ta ce ƙofarta a buɗe take, ni ma zan zauna a gefe in ƙara koyo.

Lahadi mai zuwa za mu yi godiyar Simi. Ba mu fitar da sabon anko ba. Ina roƙonku ku nemo wannan na bara, ko ya koɗe, ku ɗauro. Kaka Rifkatu, na yi miki alkawari a hankali zan buga tulun.

Na gode wa Yesu da bai bar ni yadda nake ba. Saratu, 'yar'uwata, tashi ki gani. Na makara, amma na ɗaura ankonki.